Bitar mako: Ganuwar Itatuwa, tallafin mai, da wanda zai ba dashe ruwa

Malam Bello: Assalamu alaikum. Masu shirin jarrabawar ƙarin girma da ƙannenmu masu jiran ta ɗaukar aiki, wannan makon ɓangaren muhalli za mu taɓa. Ga abin da na tattaro. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Tarayyar Afirka ce ta amince da shi a 2007, tsawonsa kimanin kilomita 8,000 daga Sanagal zuwa Jibuti. A Najeriya an yi dokar kafa hukumarsa a 2015. Jihohi 11 ne ke bakin hamada: Sakkwato, Kabi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi, Gombe da Adamawa. An sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a Nuwamban 2021, watan da Shugaba Buhari ya yi alƙawari a taron Glasgow cewa nan da 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. Ranar yaƙi da kwararowar hamada 17 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya 5 ga Yuni. A haddace, ranar Asabar zan yi tambayoyi.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri, Malam. Na kwafe a littafi.

Nasiru: Mun gode, Yallaɓai. Kullum Gombe da Adamawa ne ke kufce min, sai in ƙirga tara in tsaya.

Baba Shehu: Wa alaikumus salamu. Bello, sannu da ƙoƙari, abin da ka rubuta duk daidai na. Amma ina da magana, ku yi haƙuri da tsoho. Shekara 35 niy yi ina aikin daji kafin in aje, kuma cikin shekarun ƙarshe an sha sa ni cikin kwamitin tantance masu neman ƙarin girma. Akwai wani yaro da ban mance shi ba. Yaz zo da jar hula da farin yadi, yak kawo jihohin nan 11 bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba, har da shekarar da anka kafa hukuma. Nic ce mashi madalla, to an ba ka dashe dubu biyar ka kai Gada ta jihar Sakkwato, wane wata za ka dasa, wane icce za ka zaɓa, kuma wa zai tsare shi daga awaki har shi kai shekara biyu? Yay yi shiru, sai zufa. Can yac ce zai dasa ranar 5 ga Yuni tunda ita ce ranar muhalli. Ranar 5 ga Yuni a Gada sau da yawa ƙasa ba ta ko jiƙa ba. Wanga yaro bai rasa basira ba, an dai koya mashi hadda ba a koya mashi aiki ba. Shi na nike tsoron mu sake yi a wanga zaure.

Nasiru: Baba, Allah ya ƙara girma, na ji maganarka kuma ta shige ni. Amma a duba halin da muke ciki. Jarrabawar yanzu a kwamfuta ake yin ta, canki-canka ce, amsa huɗu ka zaɓi ɗaya, agogo na gudu a saman allo. Ba wanda zai tambaye ni watan dashe. Za a ce wace shekara aka yi doka kaza, in na kuskure an wuce da ni. Shekarata huɗu da gama bautar ƙasa, ina sayar da katin waya a bakin kasuwa. Ni dai in samu in tsallake tukuna, in na shiga ofis sai in koyi sauran.

Baba Shehu: Allah shi ba ka aikin, ɗana, shi sa mashi albarka. Ban hana ka hadda ba. Amma bayan kwamfuta akwai zama gaba da gaba da mutane, kuma masu hawa manyan matakai rubutu suka yi. Sannan wanda yas san dalilin abu ba shi mance shekararshi. Ka ce Gombe da Adamawa na kufce maka. Buɗe taswira ka bi iyakarmu da Nijar da Chadi da Kamaru da yatsa, daga Kabi har Adamawa, sannan ka ƙara Kano da Bauchi da Gombe da ke bayansu. Ka yi haka sau biyu ka gani in za su sake ɓace maka.

Malama Hadiza: Baba Shehu ya taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni malamar firamare ce, shekara 14 ke nan. Shekaru uku da suka wuce aka kawo mana dashe a makaranta, mota guda, cikin baƙaƙen ledoji. Aka yi taro, aka kafa rumfa, yara suka yi waƙa, manyan baƙi kowa ya dasa ɗaya aka ɗauki hoto. Bayan sati biyu aka ba da dogon hutu. Makarantar ba katanga, rijiyar burtsatsen ta lalace tun kafin azumi, maigadi ɗaya ne kuma tsoho. Da muka dawo na bi layin da ƙafata ina dubawa, sai ramuka da guntayen leda, wani wurin ɗan tsinke ya rage da alamar haƙorin akuya. Wallahi sai da na yi hawaye, don yaran ajina da hannunsu suka haƙa ramukan nan cikin rana. Guda biyu suka rayu. Ɗaya dogon yaro ne da ke daidai inda malamai ke alwala, ruwan na gangarowa gindinsa sau biyu a rana. Ɗayan kuma maigadin ne ya kewaye shi da ƙayar magarya don yana son inuwa kusa da ɗakinsa. Yanzu na alwalar ya fi ni tsawo. To na tabbata a takarda an rubuta mota guda aka dasa. Idan tambaya ta zo min a jarrabawa kan nasarar dashen itatuwa, wanne zan rubuta, na takarda ko wanda na gani?

Malam Bello: Malama, wanda kika gani za ki rubuta, amma ki jingina shi da adadi. Burin shirin Ganuwar shi ne a farfaɗo da hekta miliyan 100 nan da 2030, a samar da ayyuka miliyan 10. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna abin da aka cimma a yankin shirin bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Don haka labarinki ba na makarantarku kaɗai ba ne. Mai duba takarda in ya ga kin kawo burin, kin kawo inda aka kai, sannan kin faɗi dalili daga abin da ido ya gani, ba shi da hujjar hana ki maki.

Maman Ummi: Ni kuma ta ɓangaren murhu zan shigo. Muna maganar dashe, amma kullum da safe ku tsaya a kowace hanyar shigowa gari ku ƙirga motocin itace da buhunan gawayi. Ni kaina ina cikin masu saye, ba zan ɓoye ba. Da ina girki da gas, tukunyar na nan a kicin na rufe ta da tsohon zane. Tun da aka cire tallafin mai ban sake cika ta yadda na saba ba, sai in baƙo ya zo da dare ko yaro ba lafiya ana son ruwan zafi da gaggawa. Gidan mutum tara, albashin mataki na 7, ina zan kai? Mun koma gawayi, maƙwabtana duka haka. Kenan da hannu ɗaya gwamnati na dasa icce, da ɗayan tana tura mu mu sare.

Aminu Akanta: Anti, zancenki gaskiya ne a aljihu, amma akwai gyara ɗaya da zai iya cin maki. Tallafin da Shugaba Tinubu ya ce ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023 na fetur ne. Gas na girki ba ya cikinsa, dama kasuwa ce ke yanka farashinsa. Abin da ya fi tayar da shi shi ne sakin naira da Babban Banki ya yi a tsakiyar Yunin 2023, domin farashin gas da dala ake auna shi. Sai kuɗin dako ya ƙaru a kai, kuma mu Sakkwato muna can ƙarshen hanya, duk abin da ya taso daga bakin teku sai ya ratsa ƙasar gaba ɗaya kafin ya iso mu. Matakai biyu ne daban da suka zo cikin sati uku, shi ya sa mutane ke haɗe su.

Maman Ummi: Na karɓi gyara, ƙanena. Amma ka bar ni da nawa. Kuɗin da nake cika gas da shi, kuɗin mashin ɗin kai yara makaranta ne ya cinye shi. Fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki kaɗan. Ko da gas bai motsa ba, da ƙyar in iya. Don haka ko ta wace ƙofa aka bi, tallafin nan ya shigo kicin ɗina.

Aminu Akanta: Wannan kam ba musu. In tambayar rubutu ce, abin da kika faɗa yanzu shi ne amsar. In ta canki-canka ce aka ce wanne aka cire wa tallafi a 2023, fetur za ki danna.

Nasiru: To ai mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a Yulin 2024, daga 30,000 na 2019. Wannan ma yana fitowa.

Maman Ummi: Yana fitowa, Nasiru. Ka riƙe shi. Amma ka tambayi kuɗin buhun gero a 2019 da na yau, sannan ka raba.

Ɗan Illela: Salamu alaikum jama'a, yanzu na shigo na karanta daga sama. Baba Shehu, ina son ka tabbatar min da wani abu. Ni ɗan kan iyaka ne, kakata ta wajen uwa 'yar Ƙonni ce, kuma kafin in fara karatu na sha bin motar albasa har Maraɗi. Abin da ke ba ni mamaki, in ka tsallaka can, ruwansu bai kai namu ba, amma gonakinsu cike da itatuwa, gawo da kalgo da sabara tsakiyar gero. Na tambayi wani dattijo ko gwamnati ce ta dasa musu, ya ce ba dashe ba ne, sassaben zamani ne. Wai in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi guda biyu ko uku a bari, a sassabe sauran. Me ya hana mu yin haka?

Baba Shehu: Yawwa! Allah shi yi maka albarka, ka kawo maganar da nike son a kai. Abin da dattijon nan yag gaya maka haka yake. Tun shekarun 1980 anka faro shi wajen Maraɗi, bayan babban fari, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya kai kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kamar miliyan 200. Ba leda, ba mota, ba ban ruwa. Dalili shi ne kututturen da kake gani kamar ya mutu, saiwarshi na nan da rai can ƙasa, ta daɗe da kai ga laima. Dashen leda kuwa jariri na, saiwarshi ba ta wuce tafin hannu ba, rani ɗaya ka iya kashe shi. Ku ɗauki gawo. Shi kaɗai cikin itatuwanmu ka zubar da ganye da damina, shi tohu da rani. Kenan ba shi hana gero rana, ganyen da yaz zubar taki na, 'ya'yanshi kuma abincin bisashe na lokacin da ba ciyawa. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili kai.

Mi ya hana mu? Zan faɗi laifinmu, mu ma'aikatan daji na da. Mun ɗauki shekaru muna koya ma manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda anka share ƙal. Sannan ga tsoro: in mutum ya bar icce a gonarshi yag girma, ranar da yas sari reshe sai malamin daji shi zo da takardar tara. To wa zai reni abin da zai jawo mashi tara? Sai shi tumɓuke tun shina ƙarami shi huta. A Nijar abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata iccen da ke gonarshi nashi na, shi sassabe, shi yi makamashi, shi sayar. Kun ga ke nan maganar ba ta icce ba ce kaɗai, ta doka ce da mallaka. Irin wagga fahimta ita ka raba mai riƙe fayil da mai ba gwamnati shawara.

Malama Hadiza: Allahu akbar. Baba, ashe maigadinmu da ƙayar magaryarsa shi ya fi mu gane abin. Iccen da ya san nasa ne, shi ya tsare.

Ɗan Illela: Tunda an ambaci Nijar, Malam Bello a saka wannan a bita, don mu nan a jikinmu muka ji shi. Juyin mulki 26 ga Yulin 2023, sojoji suka kifar da Bazoum, Janar Tchiani ya hau. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta. Illela ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe a buhu, kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi ta rame. Gidan da ake biki a Ƙonni, 'yan uwa na Illela sai ta barauniyar hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta ba da umarnin buɗe iyaka a Maris. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka kafa ƙawancensu na Sahel, ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata 29 ga Janairun 2025. Daga ƙasa 15 saura 12.

Nasiru: Wannan na 12 ɗin tarko ne, tsofaffin littattafan bita duk 15 suka rubuta. Na gode, Yaya. An kafa ECOWAS 1975 a Legas, ko?

Ɗan Illela: Haka ne, Mayun 1975.

Malam Bello: Mu dawo kan tambayar Baba ta uku, don ita ce har yanzu ba a amsa ba: wa zai tsare dashe? A tsarin mulki aikin wa ne? Barista na nan kuwa?

Barista: Ina nan, Malam, ina bi a hankali. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare muhalli, ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji. Sai dai yana cikin babi na 2, wanda a ƙa'ida ba a kai gwamnati kotu kai tsaye don ta gaza cika shi. Wannan tambaya ce da masu jarrabawa ke so. Gandun daji a hannun jihohi yake. Ƙasa kuma, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, amana ce a hannun gwamna, ƙaramar hukuma na ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Ma'adinai na tarayya ne. Sannan jadawali na 4 ya lissafo ayyukan ƙananan hukumomi, ciki har da sa hannu a ilimin firamare, kiwon lafiya, da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa ban da ma'adinai. Kenan rijiyar makarantar Malama da shingen dashenta, mafi kusa da su ita ce ƙaramar hukuma. Nan ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya shigo. Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ne ya kai jihohi 36 ƙara. Kotu ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7. Mu a nan 23 gare mu.

Aminu Akanta: Barista, ni ina da ja a kan wannan murna da ake yi. Na yi aiki a ɓangaren kuɗi na wata ƙaramar hukuma shekara shida, ba zan faɗi wacce ba. Na ga watan da bayan albashi abin da ya rage bai isa sayen man janareta ba, wannan gaskiya ne, kuma asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi na da hannu a ciki. Amma na kuma ga watan da kuɗi suka shigo, kafin sati ya zagayo an rarraba su a takardun ayyukan da ba wanda ya je ya duba. Rannan na zauna da tarin baucoci a gabana, kowace da hatimi da sa hannu uku, na gyaran rijiyoyi, ni kuwa garinmu na cikin jerin kuma na san da guga mata ke ja har yau. Ban sa hannu ba, bayan wata biyu aka canza min wurin aiki. Don haka in an kawar da gwamna daga tsakani ba a ƙarfafa masu binciken kuɗi ba, ba a ba jama'a damar ganin abin da ya shigo ba, wurin ɓatan kawai aka sauya.

Barista: Ban ce hukuncin ya warke ciwon ba, Malam Aminu. Aiwatar da shi ma tafiyar hawainiya yake yi, kuma sashe na 162 da ya kafa asusun haɗakar yana nan a kundin ba a goge shi ba, shi ya sa masana ke cewa sai an yi gyaran tsarin mulki. Amma ka duba wannan: ciyaman a garin yake kwana, ana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a da wurin jana'iza. In kowa ya san nawa ya shigo masa a wata, tsohuwar da ke jan guga na iya tare shi. Gwamna fa, ta ina za ta gan shi?

Aminu Akanta: In ciyaman ɗin a garin yake kwana. Da yawa a cikin birni suke, sai ranar rabon albashi. Wasu kuma ba laifinsu ba ne, ka san halin da gabashin jihar nan ke ciki, Isa da Sabon Birni da kewaye. Wanda bai iya zuwa gonarsa don tsoron 'yan bindiga, ba ka ce masa ya je ya sassabe toho ba.

Baba Shehu: Wagga magana ta Aminu mai nauyi ce, kada a wuce ta. Dazuzzukan da munka yi ma iyaka da turaku muna samari, yau da yawansu ba ma'aikacin da ka iya shiga. Kuma abin zagaye shikai: daji ya ƙare, burtali ya shige gona, mashaya ta ƙafe, makiyayi da manomi su yi karo, rikici shi kori kowa, wanda yar rasa gona shi koma saran icce shi kai birni don shi ci abinci. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a Yulin 2024, ku riƙe wannan, amma ku riƙe shi tare da dalilin da yas sa anka ga bukatarta.

Maman Ummi: Allah ya kawo mana zaman lafiya. Ƙanwar maigidana tana nan gidanmu da 'ya'ya huɗu tun bara, daga can suka taso.

Malam Bello: Amin ya Allah. Allah ya mayar da su gidajensu lafiya.

Ɗan Wurno: Ni ban cika magana a nan ba, amma kada a tashi ba a ambaci ruwa ba. Muna ta hamada kamar ita kaɗai ce, alhali ambaliya ma tamu ce. A Satumban 2010 ina aji uku a jami'ar Ɗanfodiyo, Rima ya cika ya batse, ya yanke hanyar da ta haɗa jami'a da gari, sai da kwalekwale. Shinkafar mahaifina a fadama saura kwanaki a yanke, ya tsaya a kan tudu yana kallon ruwa ya shafe ta, bai ce komai ba sai da muka dawo gida ya ce a dafa abin da ke rumbu a hankali. Ƙasar da ba icce ba ciyawa ba ta shan ruwa, gudu yake yi a kanta ya kwashi yashi ya zuba a gulbi da madatsa. Madatsa in ta cika da yashi, da damina ba ta riƙe ruwa, da rani kuma ba ta da abin ba masu noman rani. Don bita: madatsar Goronyo a kan gulbin Rima take, ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato amma a jihar Zamfara, duka ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. Wadda ta ɓalle ta shanye Maiduguri a Satumban 2024 ita ce Alau. Lagdo kuma da ake ambata duk shekara a Kamaru take, a kan Binuwai.

Nasiru: Bakolori a Zamfara! Wallahi da Sakkwato zan danna. Allah ya jiƙan mahaifa, Yaya.

Ɗan Wurno: Amin. Da a jihar Sakkwato take, kafin a cire Zamfara a 1996. Kabi kuma 1991. Ita Sakkwato 1976, daga tsohuwar jihar Arewa maso Yamma.

Nasiru: Baba Shehu, na ga abin da kake nufi, amma ban sauka daga kan maganata gaba ɗaya ba. Ranar jarrabawa shekarun nan ne za su cece ni. Sai dai na lura waɗanda aka faɗa da labari yau, na Illela da na Wurno, ban ko rubuta su ba sun zauna.

Baba Shehu: Riƙe maganarka, ɗana, ba gardama mukai ba don wani shi ci wani.

Malam Bello: To ranar Asabar za a yi kashi biyu. Canki-canka 20 don su Nasiru. Sannan tambayar rubutu ɗaya, shafi guda, kowa ya turo kafin Juma'a: kai ne jami'i a ofishin babban sakatare, an ce ka rubuta takardar shawara kan yadda dashen bana zai kai shekara biyu da rai a ƙaramar hukuma ɗaya da ka zaɓa. Ka faɗi wa zai yi me, da wace doka, da kuɗin wa. Baba Shehu da Barista za su duba, in sun amince. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasa da jure sauyin yanayi, dala miliyan 700, jihohin Arewa 19 da Abuja, ku nemi bayaninsa don zai yi amfani a amsar.

Barista: Na amince.

Malama Hadiza: Baba, kafin a rufe. Ni ba don jarrabawa ba, ina son in sake gwadawa a makarantarmu bana, ko guda goma ne, kowane aji da nasa. Wane icce, kuma yaushe?

Baba Shehu: Madalla, ɗiyata. Da farko ki zagaya bayan azuzuwa ki duba ko akwai kututturen kalgo ko sabara ko aduwa mai toho, in akwai da su za ki fara, ki bar reshe biyu ki kewaye. Na dashe kuwa, dogon yaro don inuwa, bagaruwa ta bakin iyaka don ƙayarta shinge ce, kuma majema na sayen 'ya'yanta. Kada ki dasa sai ruwa ya zauna sosai, cikin Yuli, ranar da kinka haƙa rami kamu biyu kinka iske laima har ƙasa. Da yamma, ba da rana ba, kuma a yage ledar a cire. Shingen ƙaya shi riga dashen zuwa, ba shi biyo baya ba. Tun da hutu ka biyowa, ki ba kowane icce yaron da gidansu ke kusa, ki gaya ma uwayenshi, maigadin nan kuma ki sa shi shugaban aikin. Ina da irin bagaruwa cikin gwangwani a gida, ki turo yaro bayan La'asar shi amsa. Ki zuba mashi ruwan zafi shi kwana ciki kafin ki shuka, ɓawonshi na da tauri.

Malama Hadiza: Gobe in sha Allahu zan turo Abba. Gwangwanin madara nake da su da yawa, za su yi a madadin leda?

Baba Shehu: Za su yi, ki huda ƙasansu da ƙusa wuri huɗu. Ƙasa kashi biyu, taki ruɓaɓɓe kashi ɗaya, kada ki sa ɗanye.